Siririyar Fitila da Ɓarin Hagu

Litinin, 5 ga Mayu

"Umma, ki kwantar da hankalinki. Zan ɗauki Abba yadda yake, ko gashi ɗaya ba zan ɓoye ba." Haka Auta ya faɗa a bakin ƙofar kicin, yana cin abincina, hannu ɗaya a ƙirji kamar mai rantsuwa a kotu. Na rubuta a nan don kada gobe ya ce ban ji daidai ba.

Yau ya turo hoton.

Ya yi kyau, wannan ba gardama. Baya baƙi ƙirin, ga wani siririn haske ya sauko daga goshin Malam, ya bi ta kan hancinsa, ya tsaya a gemu. Ɓarin dama ke nan. Ɓarin hagu kuwa, wanda ciwon ya shanye, inda bakin ya zube kuma idon ba ya rufuwa sosai, babu shi. Duhu kawai. Ɗana ya ɗauki rabin ubansa ya ce mini ga shi.

Fiye da shekara ashirin ina gyaran rubutu a maɗaba'a. Na san gyara, na san sharewa. Wannan sharewa ce, kwalliya kawai aka yi mata.

Kuma ba don ado na roƙi hoton nan ba. Yayar Auta za ta zo ƙarshen wata da 'yarta Aku. Shekarar yarinyar huɗu, rabonta da kakanta tun kafin ya faɗi, fuskar da ta sani ita ce ta tsohon hoton da ke ɗakinsu. Uwar ta ce a turo mata hoto na gaskiya ta riƙa nuna mata kullum har idonta ya saba. Domin in Aku ta shigo ta gan shi ta ƙwalla ƙara ta ɓuya a bayan uwarta, na san mijina. Yanzu ma iyakarsa falo. Daga ranar ko falon ba zai ƙara fitowa ba.

Talata, 6 ga Mayu

Na kira Auta, bai ɗauka ba. Ya rubuto wai yana aiki. Ni kuma ai rawa nake yi.

Alhamis, 8 ga Mayu

Daga maɗaba'a na wuce shagonsa. Ban taɓa tsayawa na kalli aikin nasa da kyau ba sai yau. Ɗaki ne a saman bene, an toshe taga da baƙin labule. Tebur a tsakiya, a kai kwalbar turare guda ɗaya tana zaune kamar sarauniya. Takalma a kwali, agogon hannu a kan auduga, duk suna jiran layi.

A gefen kwalbar ga mai laifin. Dogon akwati ne na ƙyalle, tsawonsa ya kusa kai ni, faɗinsa bai wuce taƙi ɗaya da rabi ba, baƙi ta baya, fari ta gaba, fitila a ciki. Siririya yake ce mata. Akwai wata mai faɗi kamar tire a jingine a lungu, ita wai ta hoton biki ce, tana watsa haske ko'ina, ta goge kowane tabo.

Da ya ga fuskata sai ya fara koyar da ni, irin dabarar da yake yi tun yana ƙarami in ya fasa kofi. Ya ce kwalba ba ta da fuska, gefenta ake haskawa ido ya cika sauran. Ya matsar da fitilar, sai ga farin layi ya sauko a jikin gilashin tsaf kamar an ja da rula. Ya ce siririya ba ta ƙarya, abin da ta taɓa tana nuna shi har ƙura, abin da ba ta taɓa ba kuma ba ta ce komai a kai. Ya ɗauko wani farin kwali ya tsayar a ɗaya gefen, sai duhun ya buɗe, rubutun kwalbar ya fito. Duk wani farin abu, in ji shi, in aka ajiye shi a ɓangaren inuwa, yana maido da haske.

Na ce to ina kwalin yake ranar da ka ɗauki ubanka?

Ya kama goge kwalbar da ba ta da datti.

Na faɗi maganganu. Na ce ubansa ba kwalbar turare ba ne. Na ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Na ce wanda ya goya shi a kafaɗa ya kai shi makaranta da ɓari biyu ya goya shi. Wasu ma ba zan rubuta ba.

Can ya ce, a hankali, "Umma, na tafi da kwalin. Yana cikin jaka. Na leƙa ta kyamara na ga bakinsa, sai hannuna ya ƙi ɗauko shi."

Ba don na ji tausayinsa ba. Na dai tsayar da faɗan haka, abin da ba ya cika faruwa da ni. Sai na ce ya naɗe mini fitilar. Ya ce me zan yi da ita, na ce miya. Yana da biyu, ya ba ni wadda haskenta ke tsayawa, ba mai walƙiya ba. Mai tasi ya tambaye ni ko sandar labule ce. Na ce eh.

Asabar, 10 ga Mayu

Na harhaɗa ta a falo. Sandunan ciki sun kusa tsone mini ido, na zagi wanda ya ƙera su har kakansa. Yanzu ga ta tsaye a gefen kabad kamar doguwar baƙuwar da ta ƙi zama.

Malam ya daɗe yana kallonta daga kujerarsa. Maganarsa tana fita a hankali yanzu, kamar mai tauna kowace kalma kafin ya ba ka. Ya ce, "Jan Biro, wa za a gyara?" Sunan da ya sa mini ke nan tun muna saurayi da budurwa, ranar da na maido masa da wasiƙarsa da gyara uku.

Ashe Auta ya tura masa hoton a wayarsa shi ma. Kuma yana so. Na kama shi yana kallo, ya kifa wayar a cinya kamar yaron da aka kama da alewa. Na ce rabinka ne fa. Ya ce shekara talatin yana koyar da lissafi, rabi ma lamba ce, ba a raina ta.

Ban yi dariya ba. Na shiga kicin tukuna.

Lahadi, 11 ga Mayu

Na wuni ina gwaji a kan buta, da kofin shayi, da hannuna. In fitilar ta yi nisa, hasken yana da kaifi, inuwa kamar an yanka da wuƙa. In ta matso kusa sai ya yi laushi. Ni da na ɗauka akasin haka ne. In na kwantar da ita a kwance, butar ta zama wata buta daban.

Hannuna kuwa, innalillahi. Ban san na tsufa haka ba. Kowace jijiya da sunanta.

Talata, 13 ga Mayu

Babbar 'yata ta kira da rana. Wawan ƙanen nata ya tura mata hoton, ita kuma ta nuna wa Aku. Yarinya ta kalla ta ce Kaka yana leƙowa ta ƙofa, a ce masa ya shigo gaba ɗaya.

Shekara huɗu. Ta fi ɗan da na biya wa makarantar koyon hoto hankali.

Sai uwar ta ƙara da abin da ya tsaya mini a rai. Makon jiya maƙwabcinsu ya dawo daga asibiti da bandeji a ido, mutumin da kullum yake ba Aku biskit. Tana ganinsa ta ruga ƙarƙashin gado, har yau ba ta yarda ta bi ta ƙofarsa. Babbar ta ce ko su ɗaga tafiyar? Na ce kada ta kuskura. Malam ya sa an sauko masa da akwatin dara tun yanzu, wai zai koya wa yarinyar ƙirga da 'ya'yan. Kullum sai ya tambayi kwanan wata, shi da ya daina tambayar komai.

Laraba, 14 ga Mayu

Mun yi faɗa. Rabonmu da faɗa tun kafin ciwon, har na ɗan yi kewarsa.

Na kunna fitilar, na jawo ta ɓangaren hagunsa, na ɗaga wayata. Ya juya fuska bango. Na zagaya, ya sake juyawa. Na ce Malam, ba wasa nake yi ba, yarinyar nan za ta firgita. Ya ce to a bar ta a can. Na ce ƙarya yake yi, ga dara nan a kan tebur tana ba da shaida. Daga nan na sauke masa duk abin da na tanada wa Auta, cewa ɗansa matsoraci ne, ya kasa kallon ubansa, ya fake da fitila.

Ya bari na gama. Kullum haka yake yi, ya bar ɗalibi ya cika allo da kuskure kafin ya miƙe.

Ya ce, "Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe."

Na ce me yake nufi.

"Tun da na dawo daga asibiti, dama kike zama. Abinci ta dama. Magani ta dama. In kin shigo ta ƙofar can, zagayawa kike yi." Ya numfasa, ya goge gefen bakinsa da hankici. "Ban ce laifi ba ne. Ni ma na juya madubi."

Na ce soket ɗin cajin wayata a dama yake. Na ce hannunsa mai lafiya a dama yake, ta ina zan miƙa masa cokali? Na ce abubuwa da yawa, duk gaskiya ne kuma. Ya ce to. Wannan "to" ɗin nasa da ke sa mutum ya so fasa faranti.

Na kashe fitilar. Na san karin maganar da ta dace da wurin nan, mai tudu a ciki. Ba zan rubuta ta ba.

Alhamis, 15 ga Mayu

Kujerar can take tun asali. Ina ji.

Juma'a, 16 ga Mayu

A wurin aiki na bar kuskure ya wuce a shafin farko na wani littafi, a cikin take ma. Mai injin ne ya gani. Ya kawo mini yana murna kamar ya tsinci zinariya. Na gode masa, abin ya ba shi tsoro.

Ba ma magana sosai da Malam. Gaisuwa, magani, ruwa. Na lura da ƙafafuna da yamma da na shigo da tire. Su da kansu suka zagaya.

Asabar, 17 ga Mayu

Mai askin da ke zuwa duk Asabar ya aiko cewa matarsa ta haihu, sai wani makon. Malam ba ya jure gashin kumatu, yana sa shi ƙaiƙayi, hannu ɗaya kuma ba ya aski. Ya zauna yana susa yana kallon silin, shi ba zai roƙa ba. Na bar shi ya yi susar har la'asar, don ya san ni ma na iya "to".

Sannan na kawo ruwan ɗumi da reza da kumfa.

Falon nan ba shi da haske da yamma, ƙwan sama kuma inuwar kaina yake jefawa a kan fuskarsa. Na yi dama da lalube. Da na zo hagu sai na tsaya. Fatar wurin ta saki, ba ya jin ta sosai, in na yanke shi ba zai ma sani ba sai ya ga jini. Dole in ga abin da nake yi. Na jawo siririya kusa, dab da kafaɗarsa, na kunna.

Auta bai yi ƙarya ba a nan, ba ta ɓoye komai. Kowane gashi ya miƙe da inuwarsa. Na ga inda kumatun ya sauka, na ga gefen leɓen da ba ya haɗuwa, da danshin da ke taruwa a wurin. Na ga idon, ja a ƙasa, da hawayen da ke bin hanya ɗaya har ya yi wa kansa turba. Ba kuka ba ne, likita ya gaya mana, idon ne ba ya rufuwa. Na sani a kai. Ban dai taɓa tsayawa na gani ba.

Na sa yatsu biyu na ja fatar sama don reza ta bi. Sai fuskar ta dawo. A ƙarƙashin yatsuna, na ɗan lokaci, ga mutumin da na maido wa wasiƙa. Na saki, ta koma. Na sake ja, na aske, na saki. Can sai na ga ko ban ja ba shi ne. Ban san yadda zan rubuta wannan ba, ni da aikina ke nan.

Kuma ga tabon nan a ƙasan kunne, ɗan ƙarami kamar ƙwayar shinkafa. Babbar ce ta yi masa da cokali mai yatsu tana shekara biyu, yana ba ta abinci tana ƙi. Ya yi ta yawo da shi yana nuna wa abokansa kamar lambar yabo. A hagu yake. Na manta a hagu yake. Wata nawa ban gan shi ba.

Na taɓa wurin na ce yana ji? Ya ce kaɗan, kamar ana magana a ɗaki na gaba.

A cikin idon nasa fitilar ta zana wani farin layi a tsaye, siriri kamar alif. Na gaya masa. Ya ce to ai da alif ake farawa.

Ban yanke shi ba ko sau ɗaya. Da na gama na goge masa fuska da tawul, duka, daga kunne zuwa kunne. Ya riƙe mini wuyan hannu da hannunsa mai lafiya. Ruwan ya huce a kwano. Sai da aka buga ƙofa, mai kawo gas ne, na tashi.

Lahadi, 18 ga Mayu

Ya ce a juyo madubin. Ya kalla, ya ce askin mai aski ya fi kyau. Ƙarya yake yi.

Litinin, 19 ga Mayu

Na kawo guntun farin kwali daga maɗaba'a, irin wanda ake zubarwa bayan an yanke bangon littafi. Na gwada a kan buta yadda Auta ya nuna: fitila a gefe ɗaya, kwali a ɗayan. Inuwa ta buɗe, amma ba ta gudu ba. Butar ta fito da lotsawarta da komai, kuma ba ta yi muni ba.

Malam yana kallona. Ya tambayi aikin kwalin, na yi masa bayani kamar ni na ƙirƙiro. Ya yi lissafinsa a ka. Sai ya ce ya yarda a ɗauka, duka fuskar, amma da sharaɗi. Na ce in ji. Ya ce ba ya son kwali.

"Ki sa farin mayafin nan naki, ki zauna a nan." Ya nuna hagunsa da haɓa. "Ai ya ce kowane farin abu."

Na ce ni ba kayan aiki ba ce. Na ce ba na son hoto, hannuna kaɗai da na gani ya ishe ni. Ya ce Aku za ta fi yarda da fuskar in ta ga Kaka mace na zaune kusa da ita ba ta gudu ba.

Mutumin nan, rabin bakinsa ya fi cikakken bakin wasu.

Talata, 20 ga Mayu

Na kira Auta, ya ɗauka a bugun farko, da alama yayarsa ta riga ni. Ya fara ba da haƙuri na katse shi, don in na bari ya gama zan iya yin laushi, kuma ban shirya ba tukuna. Na ce ya zo da kyamararsa, ya bar kwalin a shago. Ya ce to me zai maido da hasken? Na ce ba ruwansa. Na ce in hannunsa ya sake ƙi, ya zo da wuri ya yi wa ubansa aski tukuna, ni zan riƙe masa fitila. Sai ya ce, "Umma, kin yi masa ne?" Na ce mai aski ne bai zo ba, kada ya mai da abin labari.

Na wanke mayafin, yana kan igiya. Na goge wa Malam riga mai ruwan toka, fari zai yi yawa in mu biyu ne.

Na matsar da kujerata ɗaya gefen. Iskar taga ta fi zuwa ta can, kuma wayar cajin tana kaiwa in an ja ta. Cokali ne kawai yake ba da wahala, sai na miƙa ta gabansa. Malam ya yi wannan murmushin nasa mai hawa ta gefe ɗaya. Daga nan inda nake zaune ba a ganin murmushin sosai, sai dai kunnen ya ɗan motsa. Ban san kunnensa yana motsi ba.

Na ba Auta zuwa Alhamis da la'asar. In rana ta faɗi bai zo ba, zan jingina wayata a kan ƙamus biyu, in sa ta ƙirga da kanta, in ruga in zauna a hagun ubansa. Hoton ya karkace ko ya miƙe, a daren zan tura wa Aku. Fitilar kuma ta zama tawa, ya je ya haska kwalabensa da kyandir. Asabar ma ina da aski.